Irin Kabewar Inna

Kwarbai, Zariya

Sa'ida,

Ki kiyaye ni, kuma ki karanta wannan har ƙarshe. Takarda na rubuto don a waya katse ni kike yi.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya a wurin bautar ƙasa, aikin da kika ɗora mini ya ishe ni. Kin ce in tsaya minti goma kowace safiya gaban furen kabewa, in ƙirga ƙudan zuman da suka sauka, in tura wa masu binciken nan ta waya. Sati uku ina yi. Yanzu kin aiko wai sun ce aikina da giɓi. Ni Adama, da giɓi? Ranar da na ga zuma na tura. Ranar da babu na yi shiru, domin ban taɓa mayar wa maƙwabta kwano babu komai ba, ba kuma zan fara da baƙi ba.

Damuwata daban ce. Kabewar nan irin kakarki marigayiya Inna ce. Shekara biyu tana fure yana zubewa, kuma sauran irin na shuka bana. In ba ta yi 'ya'ya ba, shi ke nan.

Ki riƙe salla.

Mahaifiyarki

Gombe

Umma,

Ina gaishe ki da ladabi, ina gaida Baba. Ki yi haƙuri, ba ƙorafi suka yi ba. Dubban gidaje ke turawa, da haka ake gane inda zuma ke raguwa da dalili. A wurinsu "babu" ma amsa ce, har ta fi tsada. Na san halinki, ba kya barin abu bai shiga littafi ba. Don Allah ki duba ranakun da kika yi shiru, ki tuna me aka yi a gidan kafin su. Kabewa ba ta ɗaukar 'ya'ya sai zuma ta kai mata garin fure daga wani furen.

Ki yafe mini in na yi tsaurin ido.

'Yarki,
Sa'ida

Kwarbai, Zariya

Sa'ida,

Saƙonki ya iso, muna lafiya. Na duba littafin. Kwana tara ne: duk Asabar, Lahadi da Litinin. Ranar Juma'a da hantsi nake fesa maganin sauro a lambatun bayan ɗaki, sauran da ya rage a gwangwani kuma in ƙarasa shi kan ganyen kabewa, don na tsani asara. Babanki ya yi dariya har da tari, wai ɓarawon da nake nema a hannuna yake. 

Na tura musu kwana taran, babu sau tara, da sunana. Na daina feshin sati biyu ke nan. Jiya zuma bakwai. Ƙwallo ɗaya ya kama, kamar ƙwan zabo, sauran sai abin da Allah ya yi.

Ga dokar gidan nan daga yau, ke ma ta hau kanki in kin dawo: gidan sauro ga kowa, gwangwanin feshi ba ya wuce bakin ɗaki, kuma ranar da babu a rubuta babu.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki