Aron Farin Tob

Rim,

Na fita kina barci, ban tashe ki ba, tunda ke ce 'yar kulliya, mai shiga babbar makaranta, yanzu. Jiya na je miki makarantar nan ta Soba. Sun ce ki zo da takardar shahadarki ta asali da hotuna, kuma dole waliyyinki ya zauna a ganawar da za su yi da ke. Baba ya ce zai rufe shago ya raka ki. Shekarar da na ci tawa jarrabawar, shagon nan ba ya rufuwa.

Ki sa farin tob ɗina, mayafin lafayar nan, yana kan gado. Don irin wannan ranar na saye shi, ban taɓa yafa shi ba. Aro ne, ba kyauta ba.

Yayarki,
Sittana