Laburare a Cikin Girgije

Daren Alhamis, Fagam

Allah ya saka wa gwamnati da alheri. An kai mu Birnin Kudu, mu masu kula da laburaren makarantu, an cika mu da shinkafa da lemo, aka koya mana zuba littattafai cikin girgije. Haka malamar da ta koyar da mu ta kira ma'ajiyar intanet ɗin, girgije. Wai yaron garin Surko da na Fagam su buɗe littafi ɗaya a waya. Malam Sule na Farin Dutse ya raɗa mini, "Girgije ai ɗan gida ne, duk damina ta rufin laburarena yake shigowa karatu."

Da na dawo, bakina ya ja mini. Na tsaya gaban hedimasta da kwamfutar hannun da aka ba mu a hammata, ina ta zuba kamar lokacin da nake tallar atamfa a kasuwar Gwaram. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla, Malam Hadi. Tunda littattafai sun hau sama, a ɗaure na ƙasa a kai sito. 'Yan aji ɗaya su shiga ɗakin."

Sito kuwa gara ce ke mulki a can.

Barci ya ƙi zuwa. Yaran suna bukatar aji, ban musa ba. Amma na'urar nan ba ta kama sabis sai na hau dutsen bayan makaranta, ga caji sai a kasuwa. Gobe dole in koma in warware maganata. To wa ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya bi mai saye yana rantsuwa cewa kayansa ba su da kyau?