Ranar da Inna Ta Kira Sunanka a Gidan Sinima

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma tarin nan ya sake ka. Mu duk lafiya lau. Inna da yara suna gaishe ka.

Maigida, an saki fim ɗin nan da hukumar tace fina-finai ta daɗe tana riƙe da shi, wanda aka yi a kan masu satar sauraren wayoyin mutane. Jiya da la'asar muka je ni da Inna. Ita ta kafe sai an je da ita, duk da ciwon gwiwarta.

Na zaci duka da jini zan gani, sai na ga gidanmu. Wani ɗan jarida ne da matarsa, ba sa hira a falo sai sun ƙure rediyo, kamar yadda muka riƙa yi kafin ka bar ƙasar. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne mai sauraren nasu. Masu fim ɗin ba su mai da shi dodo ba. Wani mai tumbi ne a ɗan ƙaramin ofis, abin saurare a kunne, yana cin abincinsa, yana murmushi in yaran gidan sun yi shirme. Inda suka gaza kawai, kiɗan ƙarshe ya yi yawa, kuma matar tana kuka kwalliyarta ko gezau. Ni da na yi irin kukan, na san ba haka fuska take zama ba.

Tun shigarmu kowa kansa a ƙasa, don akwai wasu mutum biyu a bakin ƙofa suna ƙare wa fuskoki kallo. Da aka kunna fitilu zauren ya yi tsit, ba mai ƙarfin halin tafi. Sai Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta kira cikakken sunanka da ƙarfi, ta ce, "Ɗana ne. Abin da kuka gani shi aka yi masa."

Telan layinmu ya tashi ya kira sunan ƙaninsa. Wata mata mai goyo ta kira na mijinta. Nan da nan zaure ya ɗauka, sunaye ta ko'ina, tafi kamar rufin zai faɗo. Mutanen nan biyu suka sulale. Mai shagon kusa da gidanmu, wanda ya daina amsa gaisuwata tun tafiyarka, shi ya riƙe hannun Inna har bakin titi, yana tambayar lafiyarka ba tare da ya waiga ba.

Wannan wasiƙa ba zan ba direba ita a ɓoye kamar yadda na saba ba. Gidan waya zan kai ta da kaina. Wanda zai buɗe ta kafin ta iso gare ka, shi ma ina gaishe shi, kuma ya daure ya je ya kalli fim ɗin.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Maman Auta