Sukarin Lalla Tamu

Litinin, 4 ga Maris

Na nemi izini a kamfani na je ofishin rajistar haihuwa, hannuna yana ƙarnin kifi duk da sabulun da na goga. Nuzha za ta shiga makaranta bana, kuma sai da takarda. Matar ofishin ta ce ai abu mai sauƙi ne, in zaɓa mata sunan uba kowane iri, in dai ya fara da Abdul. Haka ake yi wa yaran da ba su da uba. Na ce tana da uba, sunansa Jilali. Ta ce in kawo shi. Na ce teku ta cinye shi tun 'yar tana ciki. "To, takardar aure fa?" Na fita kafin in zage ta. Ba laifinta ba ne, amma da na zage ta da na ji sanyi.

Alhamis, 7 ga Maris

Lauyar ƙungiyar mata ta ce akwai hanya. Idan kotu ta gamsu an yi mana baiko, kuma gidajen biyu sun sani, za a ba Nuzha sunan ubanta. Shaidu kawai take so. Har dariya na yi, don rabin unguwarmu sun ga Lalla Tamu, uwar Jilali, ta shigo gidanmu rungume da dunƙulen sukari a shuɗiyar takarda. A garinmu Safi, nan Maroko, ko jariri ya san mai neman aure da sukari yake zuwa.

Juma'a, 15 ga Maris

Wauta ce ta sa ni dariya rannan.

Na manta a makon da Baba ya rasu aka zo. An riga an sa ranar zuwa neman auren, Jilali ya ƙi a ɗaga, wai kada wani ya riga shi. Gidan cike da masu gaisuwa, kowa da nasa sukarin, don da shi ake zuwa ta'aziyya ma. Lalla Tamu ta ajiye nata cikin tulin, ta ja Inna ƙuryar ɗaki, suka yi magana ƙasa-ƙasa saboda kunyar makoki, suka shafa Fatiha. Aka ce biki sai bayan shekara. Ni da shi muka ɗauka mun riga mun zama na juna, abin da ya faru ya faru.

Batul maƙwabciyarmu ta ce, "Wallahi Zuhur, na ɗauka gaisuwa ta zo yi. Kina so in rantse a kan abin da ban ji ba?" Si Mubarak mai kanti ya ce a wurinsa ta saya, amma shi ba ya tambayar sukari inda za shi. Inna kuwa tana kabari kusa da Baba. Saura mutum ɗaya da ta ji abin da aka faɗa a ɗakin nan.

Lahadi, 24 ga Maris

Na je. Ban taɓa taka gidan Lalla Tamu ba tun ranar da jirgin su Jilali bai dawo ba. Takalman robarsa suna bakin ƙofa, a wanke. Ba ta ce in zauna ba.

Ba ta musa ba, shi ya fi ƙona ni. Ta ce, "Na sani, 'yar nan, ni na kai sukarin. Amma wa zai amsa ɗa in ba ubansa ba? Ki bari ya dawo ya faɗa da bakinsa." Na ce Lalla, shekara nawa ke nan? Ta ce an ga wani mai kama da shi a Sifen yana aikin gona. Na ce alƙali zai tambaye ki game da marigayi ne kawai. Sai ta miƙe. "Kada ki ƙara kiran ɗana da wannan suna a gidana."

Na tsane ta. Na rubuta don in gani da idona: na tsane ta.

Talata, 2 ga Afrilu

Nuzha ta tambaye ni ko kifi yana sanin babansa. Na ce ci abincinki.

Laraba, 10 ga Afrilu

Lauya ta ce za a iya aika wa Lalla Tamu sammaci. Na ce a aika. Da na fito na koma na ce a dakata. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, wa zai hau da ita benen kotu? Ba tausayinta nake ji ba. Ina tsoron ta tsaya gaban alƙali ta ce a jira Jilali, a rufe maganar ke nan.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Mun gan ta a bakin tashar jiragen kamun kifi, inda take zama kowace Juma'a tana duban masu shigowa. Na so mu ratse, Nuzha ta fizge ta bi wata kyanwa har gabanta. Yarinyar ta durƙusa tana kiran kyanwar da ɗan fito ta tsakanin haƙoranta. Ban koya mata ba. Jilali ne yake yin haka, har na sha yi masa tsiya wai kyanwoyin tasha sun fi ni sanin muryarsa.

Lalla Tamu ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu, ta daɗe. Ta ce, "Wa ya haife ki?" Nuzha ta ce, "Mama." Ta ce, "Babanki fa?" Nuzha ta ce, "Za a zaɓa mini a ofis." Ashe ta ji ina gaya wa Batul. Na ja hannunta muka tafi, ban waiwaya ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Lalla Tamu ta zo da hantsi, ita kaɗai, sanye da fararen kayan makoki. Dunƙulen sukari a hannunta, shuɗiyar takarda. Na tsaya a ƙofa kamar gunki. Bakina da ba ya jin magana ya ce, "Wannan kuma na mene ne, Lalla? Kada a sake ruɗewa."

Ta ce, "Na gaisuwa ne. Ban taɓa yi miki gaisuwar mijinki ba." Ta ɗaga murya yadda Batul za ta ji ta katanga: "Allah ya jiƙan Jilali. Allah ya ba ki haƙuri, 'yata." Sai gwiwarta ta ƙi ɗaukarta, na tare ta.

Ta ce in gaya wa lauya ta sa rana. Ta ba da takalman ga wani yaron jirgi.

Abin da na yi ta nema ke nan, ya kamata in yi murna. Sai yanzu na gane ni ma ina ɗan saurarawa duk lokacin da ta ce an gan shi a Sifen. Yau ya mutu a wurinmu duka, kuma ni na matsa.

Na fasa sukarin na haɗa shayi. Ba ta son na'ana'a da yawa. Ranar kotu sai mu fita da wuri, saboda benen. Ban ce na yafe ba. Na dai ce wa Nuzha ta kai wa kakarta matashi.