Izinin da Aka Jira

Kamarawa, Talata, cikin watan Rajab

Zuwa ga matata, Ta-Turba,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin ta wanda ya san ba za a amsa mashi ba, ina sanar da ke cewa shekara tara ke nan ban taka zauren wana, Yaya Garba, ba, kuma ba ni da niyya. An aiko dattawa, an aiko liman. Maganarsu ɗaya, wai lokacinki ne ya yi. Na san ajali, na karanta shi a allo tun kafin in tafi makarantar horon malamai. Amma ban ga inda ajali ya hana a kira mota ba.

Kin tuna shekarar farko ta farin nan, da gero ya bushe a tsaye. Ina zaune majalisa da safe ƙirjina ya ɗaure kamar an aza mani dutsen niƙa. Ban gama salati ba maza suka miƙe. Kafin azahar ina Sakkwato, an sa mani iskar numfashi, an yi mani allurar da ke buɗe hanyar jini. Ba wanda ya tsaya neman izinin kowa.

Shekara ta zagayo, ruwa bai zo ba, rumbu ya zama wurin kwanan kaji. Na tafi kasuwar Bafarawa neman dawa. Ke kuwa kin dawo daga rijiyar nan da sai an ƙulla igiya biyu ake taɓa ruwanta, kika ce bayanki da muƙamuƙinki na ciwo, ga zufa, ga amai. Ba ki ambaci ƙirji ba. Mata suka ce ƙwannafi ne, suka jiƙa maki kanwa.

Da abin ya tsananta, ɗiyarmu Asabe ta ruga wurin Yaya Garba. Ya ce matar aure ba ta barin gari sai da izinin mijinta, a jira ni. Aka jira ni tun hantsi har la'asar.

A asibiti aka aje ki bisa benci, aka rubuta gyambon ciki. Sai da kika faɗi aka jawo na'urar auna zuciya da ni aka liƙa mani tun daga bakin ƙofa. Allura iri ɗaya aka yi mana. Likitar da ta duba ki daga baya ta ce mani mata sukan iso a makare, ciwon kan zo masu da wata kama, kuma ko an yi masu magani sun fi maza tafiya.

Ban cire kaina ba. Ni da ke karanta wa mutane takardar magani da Turanci, ban taɓa ce maki in ciwo ya zo ki fita kawai ba. Ni ne mai yabon ki a cikin dangi cewa ba ki da raki. In kika ce "ba komai, Malam, za ya wuce", sai in ji daɗi in ci gaba da cin tuwona.

Juma'ar da ta wuce na miƙe bayan an sallame salla. Na ce jama'a su shaida, duk macen da ke gidana, ɗiya ko suruka ko jika, in ciwo ya kama ta na ba ta izinin fita, ina nan ko ba ni nan. Na sa 'ya'yanmu maza suka maimaita a kan matansu. Wasu suka ce tsufa ya taɓa ni, wasu suka ce boko ne. Su faɗa. Za ni sake faɗin ta a Isa, in ƙafa ta kai ni har Sabon Birni.

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya makwancinki, ya yafe mani yabon da na yi maki. Ni na samu shekara goma bayan allurata. Ke kwana biyu kika yi.

Mijinki,
Malam Bawa