Sabulu Kaɗai

Gyaɗi-Gyaɗi, Nuwamba 1998

Yaya Junaid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Hasana da yara. Kada ka yi dariya don na rubuto wasiƙa alhali Tarauni ga ta ga mu. Inna ta hana ni leƙa ko zaure sai na yi arba'in.

Alhaji Lawan mai kamfanin sabulu ya ji muryata a tallar rediyo, yana so in riƙa yi musu tallarsu, aiki-aiki, ba albashi ba. Ga takardar yarjejeniyar. Ni dai na ƙagu in sa hannu, amma tunda akawun kotu gare mu a gida, duba mini.

Ƙanwarka,
Rabi

Tarauni

Rabi,

Wa'alaikumus salam. Ya jego, ya mai sunan Baba?

Kada ki sa hannu. Duba inda aka ce za ki tallata "kayan kamfani da na masu shi", kuma kaset ya zama nasu. Soja na komawa bariki, Alhaji Lawan kuwa ya fito takarar ciyaman. Ranar da ya ce fastarsa ma kayansa ce, ba ki da bakin musu. Muryarki za a ɗora a lasifikar mota ana yawo da ita unguwa-unguwa, har ƙofar gidan surukanki da ba sa jam'iyyarsa.

Ki ce a soke "da na masu shi", a rubuta "sabulu kaɗai". Mai yiwuwa su fasa, ki shirya wa hakan.

Yayanki,
Junaid

Gyaɗi-Gyaɗi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Manajansu Sani ya zo, muka yi magana ta bayan labule. Ya ce, "Haba Hajiya, kalma huɗu ce fa." Na ce, "To tunda kaɗan ce, cire ta." Ya tashi a fusace. Wallahi na yi kuka, don ina son aikin nan.

Allah ya bar zumunci,
Rabi

Gyaɗi-Gyaɗi

Yaya,

Albishirinka! Sun gwada wata muryar, masu kantuna suka ce ba ita suka sani ba. Sani ya dawo da takarda an gyara, na karanta ta tsaf, na sa hannu. Daɗi ya ishe ni.

Ɗazu motar kamfe ta wuce ta layinmu. Alhaji Lawan ne da kansa a lasifika yana yabon kansa, muryar duk ta dushe.

A gaida Hasana.
Rabi