Gangar da Aka Ce Ta Ɗaure Damina

Zuwa ga Mai Girma Babban Malamin Gona na yankinmu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Allah ya ja zamaninka. Ni ne Arzika, manomi a wani ƙauye gabas da Ɗan Kassari. Sau biyu ina zuwa ofishinka a ƙasa, gardi yana ce mini kana rangadi, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya gani. Ka yi haƙuri da rubutun.

Na ɗaya. Bayan girbin bara ka aiko mana wani malaminka a kan keke. Ya tara mu a gindin gawo, ya ce yanzu ƙasa tamu ce, kowa ya yi lambu a bayan gida, ya tari ruwan sama kada ya bi ƙasa a banza. Mutane suka ce to, suka watse. Ni kaɗai, da shegen karambanina, na ɗauki maganar. Na samo tsohuwar gangar kananzir a Dogon Dutsi, na yi kwana uku ina wanke ta da toka da yashi. Maƙeri ya yanke mata baki, ya huda ta daga ƙasa, muka toshe da icce. Na ɗora ta kan duwatsu ƙarƙashin indararon sorona, na ɗaura tsumma don tace datti, na yi mata murfi saboda sauro, duk yadda malaminka ya faɗa.

Na biyu. Ruwan shuka ya sauka, ganga ta cika, kowa ya yi shuka. Daga ranar sama ta ɗauke, yau kwana ashirin da uku. Geron mutane ya fito ya lanƙwashe. Kuɓewata da yakuwa kuwa, da na riƙa shayarwa da ruwan ganga, kore shar, ana hango su ta kan darni. Ranka ya daɗe, da na san ganye zai zama laifi da ban shuka ba.

Na uku. An fita roƙon ruwa, ba a samu ba. Sai aka yi wasan bori. Aljana Doguwa ta hau wata tsohuwa, ta ce wani ya kama ruwan farko ya rufe shi cikin ƙarfe, kuma ruwa ba ya zuwa inda aka ɗaure ɗan'uwansa. Ba ta kama suna ba, amma ganga ɗaya ce a garin.

Tun ranar ba mai amsa sallamata. Matata Tani ta je rijiya, mata suka hana ta guga, ta dawo da tulu wayam tana kuka. Na cire murfin, na kwarara ruwan duka a ƙasa a gaban jama'a, na ce su fasa gangar. Suka ce hannun da ya ɗaure ruwan yana nan. Jiya mai gari ya kira ni, ya ce in ba a yi ruwa ba zuwa Juma'a, in bar gari, gonar ubana kuma a ba wani. Wallahi tsoro nake ji. Da ’ya’ya huɗu, tsakiyar damina, ina zan nufa?

Malaminka bai sake leƙo mu ba. Ku kuka ce a yi, na yi, kuka bar ni a rana.

Roƙona shi ne ka turo shi kafin Juma'a, ya tsaya gaban mai gari ya ce daga bakinsa maganar ta fito. Kada ka aiko takarda mai hatimi, ba mai iya karanta ta sai ni, ni kuwa yanzu ba mai yarda da ni.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar rubutawa. Ni mai salla ne, amma kullum na ga hadari ya taso ya wuce mu, sai in ce ko dai gaskiyar tsohuwar ce. Kai ka yi karatu. In ka san ganga tana iya hana sama zuba, ka gaya mini, in kwashe iyalina da kaina, kada garin ubana ya kwana da yunwa saboda kuɓewata.

Allah ya ba ka lafiya da tausayin talaka, ya shayar da mu baki ɗaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Arzika